Shaidar da Alhaji Ya Yi Mini

Shekara goma sha ɗaya na yi ina ɗaukar firji da injin wanki ina hawa benayen mutane da su. Ban yi boko mai nisa ba, a aji biyu na sakandare na tsaya, don haka da na zo Amurka ban yi ta zaɓen aiki ba. Ƙarfi na zo da shi, shi na sayar. Kamfaninmu yana da sito a Manassas, mu loda kaya da safe mu bi gidaje har Bowie, inda masu gida kan tsaya a bakin ƙofa suna cewa a kula da fentin bango. Ba wanda ya taɓa cewa in kula da bayana.

Ranar da abin ya faru ba ta da wani labari. Firji ne mai ƙofa biyu, abokin aikina yana sama ina ƙasa, a mataki na bakwai ko na takwas na ji wani abu ya ce ƙas a ƙuguna. Har na ƙarasa kai firjin, don wauta. Washegari ƙafar hagu ta ƙi taka ƙasa. Likita ya nuna mini hoto ya ce abin da ke tsakanin ƙasusuwan baya ne ya fashe ya danne jijiya. Aka yi mini aiki, bai yi ba. Inshorar kamfani ta riƙe ni na ɗan lokaci, sannan ta sake ni.

Tun daga nan ba na iya zama fiye da kwatan awa, ba na iya tsayuwa fiye da haka. A kan kujera nake salla. Matata ce ke sa mini safa. Ita tana aiki a gidan kula da tsofaffi, ta wuni tana ɗaga iyayen wasu, ta dawo ta ɗaga ni. Akwai kuma abin da ban gaya wa ko likita ba sai can daga baya: wani lokaci fitsari yakan kufce mini ban sani ba.

Ita ce ta ce in nemi tallafin da gwamnati ke ba waɗanda ciwo ya hana aiki. Ta ce, "Malam, ba roƙo ba ne. Shekara nawa suna cire nasu a albashinka kafin ka ga naka? Don irin wannan rana suke cirewa." Lokacin ta fara haɗa aikin safe da na yamma don mu riƙe ɗakinmu na Takoma Park, kuma na ga ta fara dafa ƙugu in za ta tashi. Na san wannan dafawar. Idan tallafin bai fito ba, bayanta ne zai biyo nawa.

Na je ofishin. Ka ɗauki lamba, ka zauna a kujerar roba, mai gadi yana kallonka. Da na kasa zaman na jingina da bango, da na kasa tsayuwar na koma kujera, haka har aka kira ni. Matar da ke bayan gilashi ta yi ta tambaya tana bugawa. Can ta ce in ba ta sunan mutum ɗaya, ba likita ba, wanda ya san halin da nake ciki, za su aika masa takarda. Ban yi tunani ba na ce Alhaji.

Alhaji mutumin Kumasi ne, ya fi shekara talatin a ƙasar nan. Yana da shago inda yake sayar da doya da manja da busasshen kifi. Duk wanda takardar hukuma ta zo masa daga cikinmu, wajensa yake kai ta, ya sa tabarau ya karanta masa. Ina jin Turancin baka daidai gwargwado, amma rubutunsu na hukuma ba na gane kansa. Shi ne kuma ke rubuta wa mutane takardar shaida, ta neman izinin zama, ta neman haya, ta neman aiki. Yana da alƙalami na musamman don wannan. Ni ma shi ya rubuta mini tawa lokacin da nake neman ɗaki. Ban kawo sunan matata ba don na ɗauka maganar dattijo ta fi nauyi a gaban hukuma, kuma ban so a ja ta cikin ofisoshi. Ga wani dalili kuma: Alhaji ya ga abin da babu namijin da ya gani.

Wata Juma'a ce da zafi, a masallacinmu da ke saman wasu shaguna. Na makara, wurin alwala ba kowa. Na ɗaga ƙafa zan wanke, ɗayar ta saki, na zube. Kafin in ankara wandona ya jiƙe, ba da ruwan famfo ba. Na yi ta kokawa da ƙasa na kasa tashi. Sai ga Alhaji ya shigo. Ya kalle ni sau ɗaya, ya juya ya murza makulli. Ya cire babbar rigarsa, shuɗiya mai aiki a wuya, ya ciccibe ni ya zura mini. Ta matakalar baya muka sauka, ya shimfiɗa kwali a kujerar motarsa. Shi ma Juma'ar ta wuce shi. Sai da muka kusa gida ya yi magana, idonsa a kan titi.

"Abin da ya faru yau ban gani ba. Har kabari."

To wa zan kawo in ba shi ba?

Bayan mako uku ya bugo mini waya da fara'a. Ya ce, "Ɗan'uwa, takardarka ta zo, na cika na mayar. Wallahi na yi maka shaidar da ban taɓa yi wa kowa ba." Na yi ta yi masa godiya. Matata ta soya waina ta aika masa.

Wata biyar, takarda ta zo: sun ƙi. Muka nemi a sake dubawa, suka sake ƙi. Ban gane ba. Ga hoton baya, ga takardar aikin da aka yi mini, ga sanda a hannuna. Wani direban tasi ya haɗa ni da wata lauya da ba ta karɓar komai sai an ci nasara. Ita ce ta nemo fayil ɗina gaba ɗaya. Ranar da ya zo ta kira ni ofishinta, ta buga wa wani tafinta waya don ya juya mini da Hausa, ta ajiye wayar a tebur, ta ce in saurara da kyau, za ta karanta mini abin da shaidana ya rubuta.

An tambaye shi ko ina iya kula da jikina. Ya ce mutum ne mai tsafta, ba a taɓa ganinsa da riga ba guga ba. An tambaye shi ko ina fita. Ya ce Juma'a ba ta wuce shi. An tambaye shi ko ina iya ɗaukar abu mai nauyi. Ya ce in an yi rasuwa shi ne na farko a ɗaukar makara, kuma shi ke kwashe kujeru bayan taro. An tambaye shi abin da ciwon ya rage mini. Ya ce bai taɓa jin na yi ƙorafi ba. Wurin rubutun da ke fom ɗin bai ishe shi ba, ya haɗa da wata takarda da rubutun hannunsa, yana roƙon gwamnati ta taimaki wannan bawan Allah domin ba rago ba ne, in an ba shi aiki zai yi na mutum biyu.

Lauyar ta ajiye takardar ta dafe goshi. Ta ce, "Wannan mutumin abokinka ne ko maƙiyinka?"

Ba ƙarya ya yi ba, shi ne abin haushin. Na ɗauki makara, amma kafin firjin. Rigunana a goge suke, matata ke gogewa bayan ta dawo aiki. Ina zuwa Juma'a, a kwance a kujerar bayan motar maƙwabci. Ya ɗauki mutumin da nake a da ya aika musu, ya ɓoye wanda ya tsinta a ƙasa a wurin alwala.

Daga ofishin lauya shagonsa na wuce, bas biyu, a tsaye a dukansu. Na same shi yana auna wa wata mata gari. Na jira ta fita.

"Alhaji, ka kashe ni."

"Subhanallahi! Ni? Zauna tukuna, ga kujera."

"Ba na iya zama, Alhaji. Abin da ya kamata ka rubuta ke nan, ba na iya zama."

Na gaya masa abin da lauya ta ce. Takardar ba ta neman aure ba ce, ba ta neman haya ba ce. So suke su ji abin da na kasa. Duk yabon da ya yi, sun ɗauka sun ce ga shaidansa da bakinsa ya ce lafiyarsa ƙalau.

Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. "To me kake so in rubuta? Mutanen da ba su san ubanka ba, in zauna in zayyana musu cewa matarka ke sa maka safa? Takarda fa ba ta mutuwa. Wata rana 'ya'yanka su gani."

"Shi suke so."

"Wace irin hukuma ce ba ta taimakon mutum sai an tube shi?"

"Wadda muke ƙarƙashinta, ni da kai."

Ya mayar da tabarau a idonsa. Na ce za a kai maganar gaban alƙali, lauya ta ce in ya zo da kansa ya faɗi abin da ya gani ranar Juma'ar nan, zai iya gyara abin da ya ɓata. Na ce, "Alkawarin da ka yi, na yafe maka shi. Ni ne mai asirin, na ce ka tona."

Ya ce, "Ai ba kai na yi wa alkawarin ba."

Na ce, "Alhaji, matata tana aiki biyu. Ta fara ɗingishi."

Ya daɗe yana kallon buhun shinkafa. Sannan ya ce, "Zan zo. Allah ya kai mu." Ya ɗaure mini doya biyu ya ce in kai gida. Na so in jefa masa su, sai na tuna ba zan iya ɗaga su sama da ƙuguna ba. Shi ya kai mini har gida a motarsa.

Fiye da shekara muka jira ranar alƙali. Ba abin da ake yi a irin wannan jira. Ka kwanta a ƙasa don katifa ta yi laushi, ka kalli silin, ka saurari ƙarar motar mai kawo wasiƙu. Muka sayar da mota. A masallaci akwai likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasarmu, masu gidaje a Bowie, wasu ma ni na kai musu firji. Sukan tsaya su ce, "Malam, ya jiki? Ai waɗannan abubuwan sai an iya cika fom." Su shiga motocinsu. Ba wanda ya ce kawo in gani. Ni ma ban ce ba, gaskiya.

Ranar ta zo. Ban bar matata ta zo ba, na ce kada ta rasa aikin yini. Ɗaki ne ƙarami, ba irin kotun talabijin ba. Alƙali a tebur mai ɗan tudu, wata mata tana bugawa, wani mutum a gefe da aka ce masanin ayyuka ne, tafinta kuma a waya, daga muryarsa mutumin Nijar ne. Alhaji yana waje a benci, cikin farar shadda, ya sha turare kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Lauya ta riga ta gargaɗe ni kada in rage komai. Na faɗi na ƙafa, na faɗi na safa, na faɗi na kujerar salla. Da ta zo kan maganar fitsari na kalli wayar da ke tebur na faɗa mata, don ta fi fuskar mutum sauƙin kallo. Tafintan ya ɗan yi tari kafin ya juya. Alƙali ya duba takardunsa ya ce wannan magana ba ta bayyana a rubutun likita ba sai kwanan nan, kuma mutumin da ni da kaina na zaɓa ya faɗi akasinta. Lauya ta ce mutumin yana waje.

Aka shigo da Alhaji, ya ɗaga hannu ya yi rantsuwa. Da Turanci yake magana, tafinta yana juya mini. Lauya ta bi shi a hankali. Ta tambaye shi yaushe rabon da ya ga na ɗauki makara. Ya ce an ɗan kwana biyu. Ta ce kafin ciwon ko bayansa? Ya ce ba ya riƙe kwanaki. Ta ce ya taɓa ganin na faɗi?

Ya kalli hularsa da ya ɗora a gwiwa. Ni ina kallon gefen fuskarsa.

"Na taɓa ganin ya zame. Wurin alwalarmu akwai santsi, kowa yana zamewa."

"Sai me ya faru?"

"Na kai shi gida."

"Me ya sa ka ba shi rigarka?"

"Na ga kamar yana jin sanyi."

A tsakiyar zafi, lokacin da kwalta ke narkewa. Ban san sanda na buga sandata a ƙasa ba. Na ce da Hausa, da ƙarfi, "Alhaji, don girman Allah faɗa musu! Fitsari na yi a wando, kai ka ɗaga ni, faɗa musu!"

Alƙali ya tambayi tafinta abin da na ce. Sai na ji tafintan da kunnena, da Turancin da nake ji, ya ce wai ina roƙon dattijon ya faɗi gaskiya. Shi ma ya rufa mini asiri. Mutumin da ban taɓa gani ba, yana zaune a wata jiha, shi ma ya ga ya kamata ya lulluɓe ni. Alƙali ya ce in yi shiru sai an tambaye ni.

Alhaji bai kalle ni ba. Ya gyara zama ya ce wa alƙali, "Ranka ya daɗe, ciwo kam yana da shi, ina ganin yana fama. Amma na san mutumin nan shekaru da yawa, ban taɓa ganin abin kunya a tare da shi ba."

Lauya ta rufe fayil ɗinta. Aka juya ga masanin ayyuka, alƙali ya tambaye shi ko akwai aikin da mutum irina zai iya a ƙasar nan. Ya buɗe littafi ya fara lissafi: mai karɓar tikiti a wurin ajiye motoci, mai naɗe tawul, mai zama yana kallon allon tsaro. Duk na zama ne. Lokacin ina tsaye a jikin bango, don na riga na nemi izinin tashi sau biyu.

Da muka fito Alhaji ya riƙe mini gwiwar hannu muna saukowa. Ya ce, "Ka ga yadda alƙalin yake kallonka da mutunci? Ya san ba da ɗan iska yake magana ba." Na kwanta a kujerar bayan motarsa har gida, ina kallon ƙeyarsa. Na nemi zagin da zan yi masa na rasa. Da mugu ne da na samu sauƙi.

Bayan wata biyu ambulan mai kauri ya zo daga wurin alƙali. Matata tana wurin aiki. Ba ni da mai karanta mini sai Alhaji, don haka na kira shi, ya rufe shago ya zo. Ya zauna a kujerar sallata, ya sa tabarau, ni ina kwance a ƙasa. Ya karanta shafin farko, ya wuce, ya wuce, sai ya tsaya a wani wuri. Na ga leɓensa yana motsi a kan layi ɗaya sau biyu. Daga baya lauya ta gaya mini a nan ne alƙali ya kawo maganarsa kalma da kalma, ta aikin mutum biyu. Ya ninke takardar yadda ta zo, ya cire tabarau.

"Sun ce a ƙara haƙuri. Suna kan dubawa."

Ban iya karatunsu ba, amma kalmar da ke shafin farko na san kamanninta, na gan ta sau biyu a baya. Na ce, "To, Alhaji. Allah ya saka."

Ya ce, "Amin." Ya tashi ya leƙa kicin ya ce ya ga shinkafarmu ta yi ƙasa, zai aiko.

Lauya ta ce a sake sabon nema daga farko, amma ta gaya mini gaskiya: an daɗe rabona da aiki, ƙofar tana rufewa, wannan ne kusan na ƙarshe. Fom ɗin ya zo, da layin nan na mutumin da ya san halin da kake ciki. Kwana huɗu yana kan tebur ban taɓa shi ba. Ran na biyar da safe matata ta fito cikin kayan aiki, ta gan shi, ta ɗauki biro.

Na ce, "Za su tambaye ki komai fa."

Ta ce, "Su tambaya. Ni ke wanke wandunan, Malam, na san adadinsu." Ta rubuta sunanta, ta dafa ƙugu ta miƙe, ta fita don kada bas ya wuce ta.

Yanzu wata bakwai ke nan muna jira. Ban san abin da ta rubuta musu ba, ban tambaya ba, ita ma ba ta ce ba. Alhaji yana aiko da shinkafa. Ran Juma'a yakan ajiye mini kujera a ƙarshen sahu kusa da ƙofa, ya tambaye ni jiki, in ce da sauƙi. Shuɗiyar rigarsa tana nan a rataye a ɗakina, an wanke an goge tun shekarar da abin ya faru. Sau ɗaya na kai masa ita shago a leda. Ya buɗe ya duba, ya mayar mini, ya ce shi bai san wannan riga ba.